Kwalin Maganin da Sjoerd Ya Mayar

Abokina Sjoerd ya rasu a watan Maris, zuciyarsa ce ta tsaya. Gyaran kekuna yake yi a Harlingen, kusa da tashar jiragen ruwa. Ya taɓa faɗowa daga tsani, ƙwayar kashe ciwon da aka ba shi ta zame masa jaraba, har ta kusa raba shi da 'yarsa Femke. Da ƙyar ya daina.

Bayan shekara huɗu aka cire masa haƙorin can ƙurya. Likitan bai san labarinsa ba, ya rubuta masa irin waccan ƙwayar. Ni na karɓo a kemis, ban duba ba.

Ya kalli kwalin, kuncinsa a kumbure, ya ce, "Kai Douwe, jaki, kashe ni za ka yi?"

Na ce, "To ciwon fa, mutumina?"

"Ciwo kwana uku ne. Wannan kuwa na san halinta."

Ya hau keke cikin ruwan sama, ya mayar wa masu kemis ɗin. Farasitamol ya sha, yana danna ƙanƙara a kunci, yana ta zagina ina ba shi miya da cokali. Bai sake taɓa ƙwayar ba. Da ma zan ƙara jin zagin nan ko sau ɗaya.