Yaƙin Amurka a Bakin Shagona

Ni tela ne a kasuwar Isa. Shekarar da 'yan bindiga sunka hana noma a Tozai, kawuna, yayan innata, ya baro gonarshi ya dawo gidanmu da tabarma, da buta, da rediyo ɗaure da roba. Mutum ne da bai saba zaman banza ba. Kwana uku da zuwanshi ya ɗauki benci ya kafa a bakin shagona.

Nan ya haɗu da wani Alhaji mai kai kaya Nijar, wanda shi ma hanya ta hana shi tafiya. Abin da ya haɗa su shi ne yaƙin Amurka a Afganistan. Ba wanda ya taɓa wuce Maraɗi cikinsu, amma in ka ji su sai ka rantse da su anka fara shi.

"Alhaji, Amurka ba ta barin aiki rabi," in ji Kawu. "Jiragenta kaɗai sun isa."

"Haba Malam! Mutanen ƙasarsu ma sun gaji. Uwaye na kukan ɗiyansu. Fita za su yi, ina gaya maka."

Haka kullum, tun hantsi har azahar, wajen shekara biyu. Rediyo na ihu, su suna ihu bisa rediyo. Matan da ke kawo ɗinki sunka fara tsayawa daga nesa, don ba mai ratsa dattawa biyu masu kumfar baki ta ce a gwada ta. Gab da wata Sallah Kawu ya daka mani tsawa in yi shaida, almakashi na hannuna, na yanke hannun rigar wani malamin makaranta bai kai ba. Sai da na sayo wani yadi.

Na ɓoye baturan rediyon. Ya aro na Alhaji. Na ɗauke bencin na ce ƙafarshi ta karye. Sunka zo da tabarma.

Da abin ya ishe ni na kai ƙara wurin Inna.

"Inna, ki yi ma Kawu magana. Mi ya haɗa mu da Afganistan? Mu da ba mu iya zuwa ƙauyen Turba nan kusa sai da addu'a!"

Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. "To labarin mi kake so shi saurara? Na gonarshi?"

Na fita ina ƙunƙuni.

Ranar da anka ce Amurkawa na kwashe kayansu, Alhaji ya iso da waya yana dariya. Ya nuna muna mutane na gudu a gefen wani ƙaton jirgi, wasu sun maƙale jikinshi.

"Ban gaya maka ba? Ga su nan!"

Kawu ya karɓi wayar ya kalla har sau uku.

"Waɗanga da ke gudu, su wa ne?"

"An ce da yawa waɗanda sunka yi masu aiki ne. Masu fassara, da direbobi."

"Kuma an bar su?" Ya miƙa wayar. "Shekara ashirin kana gidan mutum, ka tashi ba ko sallama. Tir!"

Ya naɗe tabarma ya tafi gida tun kafin azahar, bai ci tuwon rana ba. Na ji tausayinshi, amma ba za ni ɓoye ba, a raina na ce Alhamdu lillahi, yaƙi ya ƙare, shagona ya huta.

Washegari ina buɗe ƙofa sai ga su tare. Wai yanzu gardamar ita ce ko bindigogin da anka bari can za su biyo Sahara su iso dajinmu. Alhaji ya ce za su iso, Kawu ya ce ƙarya ne.

Makon nan na koya wa matata riƙe tef ɗin awo. Tun daga lokacin ita ke gwada mata a gida, ni in ɗinka a kasuwa, da auduga a kunne guda.