Da Shadda Muka Hau Dutsen Tuwaik

Shekara biyar ina kai iyalan kafil ɗina, mai riƙe da takardar zamana a Riyad, duwatsun Tuwaik duk lokacin sanyi. Su hau, ni in zauna a mota ina gadin filas da barguna. Ba wanda ya taɓa hana ni hawa, amma ba wanda ya taɓa cewa in taho. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Wata Juma'a da na samu hutu, na rantse sai na ga abin da ke can sama. Na ja abokaina biyu, wani magini ɗan Maraɗi da wani Bazazzage mai sayar da dabino a kasuwar Utaiƙa. Mu a wurinmu fita sai da ado, don haka kowa ya ciro shaddarsa mai sitaci, ya kafa hula, ya sa takalmi sau-ciki. Na sha ganin irin takalman da masu hawa ke sawa, amma na kawar da kai. Ba zan je wurin nan da shigar aiki ba.

Muna fitowa daga mota wani saurayi mai sanduna biyu ya ƙare mana kallo, ya miƙo mini makullin motarsa.

"Ya sadiƙ, sawwag ne kai? Matsar mini da motar can."

"Direba ne, amma yau hawa na zo yi," na ce masa. "Yalla, ba mu hanya."

Wallahi mun ji jiki. Iska ta cika mini riga kamar buhu, sanyi na yankar kunne, tsakuwa na zame mana. Bazazzagen ya zauna dirshan, wai mu koma tun da sauran mutuncinmu. Ɗan Maraɗi ya tuntsire da dariya, ya ce mai auna dabino ina ya san hawa. Ni kuwa na tuɓe takalmi na cusa a aljihu, na naɗe riga. Na ce ko da rarrafe ne sai na kai.

Muka kai ƙoli ƙafata na jini. Hamada ce shimfiɗe iya ganin ido, amma ban daɗe ina kallonta ba. Ƙasa na leƙa, inda motoci ke jere. Ga wani can jingine da mota shi kaɗai, ya cusa hannuwa a hammata. Ashe haka iyalan kafil ɗina ke hango ni shekara biyar.

Na cire hulata na yi ta ɗaga masa, ban daina ba sai da ya ɗago hannu.