Inna Baraka, Mai Raba wa 'Yan Kokawa Akushi

Kai mai karatu, kada ka taɓe baki don ka ji ana yabon mai dafa wa 'yan kokawa abinci. Idan kana da ɗa mai gudu ko mai kamu, zauna ka ji, kuma ka duba hannunsa a cikin akushi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Safar, a wannan shekara da Turawa suka dasa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙwanni, Allah Ya karɓi ran Inna Baraka ta Kalmalo bayan gajeruwar jinya.

Inna, aikinki ya daɗe yana ba ni mamaki. Duk kaka, iyayen gidan 'yan kokawa su kai miki gero da wake, ke kuma ki riƙe cikin yaransu har a watse. Wasu na ba su sassaƙe da layu, ke kuwa ba ruwanki. Sai ki ja fatar idon yaro ki duba, ki matsa farcensa, ki tambaye shi yadda ya kwana. Wannan ki ba shi kifin tafki, wancan wake da zogale, wani nono da gumba. Mene ne kike gani a farcen? Na tambaye ki, kika yi dariya kika ce in dawo bayan an gama sussuka. Ban samu dawowa ba, kuma har yau ina juya abin a raina.

Ɗana Idi shi ne ƙarami a cikin masu kamu na unguwarmu. Na hore shi yadda ake horon ɗan kirki: ba ya sa hannu kafin manya, ba ya taɓa nama sai an miƙa masa, shi ke fara tsame hannu. Da aka shiga kokawa bara, yaro ya riƙa zubewa, wuyansa ya fito. Ranar da samarin Gidan Katta suka zo, ya faɗi a fili tun ba a kama shi ba. Mutane suka ce sammu ne.

Kika zo gidana ba gayya, kika zauna daga gefe kina kallon maza suna cin tuwo. Da suka tashi kika ce mini:

"Lubabatu, wanga ba sammu ba na, kunya ta. Mi yac ci? Loma ukku, yayye nai sun share sauran."

Na ce, "Inna, ai ladabi ne."

Kika ce, "Ladabi ba shi tada ƙato daga ƙasa, ɗiyata. Turo min shi."

A rumfarki kowane yaro da akushinsa, ba babba ba ƙarami, kuma ba mai tashi sai kin ga gindin akushin. Dattawa suka ce kina koya wa yara rowa. Ni ma har yanzu ina ganin cin tare shi ne gidan tarbiyya, ba zan ɓoye ba. Amma kafin watan ya ƙare, Idi ya ciko, barcinsa ya daidaita, ya koma fili da ƙafafunsa.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara kamar yadda kika ƙosar da 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Halliru, da 'yarki Hadijatu, da jama'ar Kalmalo. Allah Ya ba su haƙuri.

Kaka ta sake matsowa, Idi ya fara ɗaura warki, rumfarki kuwa a rufe take. Saboda haka na tara 'ya'yana na faɗa musu: daga yau, duk wanda zai shiga fili a gidan nan, akushinsa daban, a gabana zai ci, kuma sai ya cinye. Yayan da ya miƙa hannu ciki, da ni zai yi kokawa.