Ranar da na kira sunan ɗan farina

Ƙarshen damina ne, gyaɗa ta nuna ana shirin cira. Ruwa ya yi kyau a Roni, amma shekarar ba ta yi mini daɗi ba. Mutane sun koma magana ƙasa-ƙasa. Ko a gidan suna, sai mace ta dubi hannun ta kusa da ita, ta ga ko akwai waya, kafin ta buɗe baki.

A lokacin ne shanu suka shiga gonarmu suka cinye kusan rabi. Ɗan farina, mai sana'ar acaɓa, shi ya noma ta. Ransa ya ɓaci, ya zauna a teburin mai shayi ya yi ta faɗa. Da makiyayin da ya yi ɓarnar ya fara, ya ƙare da Fulani gaba ɗaya, har da cewa a kore su. Bai san wani cikin abokan zamansa ya danna waya yana naɗar muryarsa ba.

Ƙanwarsa ce ta kawo mini a wayarta, an riga an yaɗa a intanet. "Inna, ji muryar Yaya. Har garin Gwiwa ta kai."

Na saurara har ƙarshe, sannan na karanta abin da aka rubuta a ƙasa, a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Wasu na cewa ya yi daidai. Wani ya ce irin wannan magana akwai doka a kanta, kuma ya tura wa hukuma.

Na kasa zama. Na share tsakar gidan da aka riga aka share. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in ce hukuma ce ta zo tafiya da shi. Mai nonon da take kawo mana tun yana goye ta wuce ƙofarmu da ƙwaryarta, ba ta yi sallama ba. Ga shi uwar da ta haife ni Bafulatana ce, bai taso ya gan ta ba.

Abin da ya ɗaure ni kunya ce. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi ta yi masa magana ido da ido. "Wancan" nake cewa, saƙo kuma ta bakin ƙannensa. Da la'asar na aiki ƙanwar ta ce masa ya je ya ba Fulani haƙuri. Ta dawo tana tura baki.

"Ya ce a gaya miki shi aka ci wa gona. Wai shi ke nan mutum ba zai yi kuka ba sai an ɗauke shi a waya?"

Ban ga laifin tambayar ba. An cuce shi, wanda ya naɗi muryarsa a ɓoye ma ya cuce shi. Amma abin da ke bakina ba na aike ba ne.

Washegari yana turo babur zai fita, na tsaya a bakin zaure na kira sunansa. Sunan ya yi mini nauyi a harshe. Ya jingine babur ɗin da bango, ya durƙusa.

"Inna, lafiya?"

"Wadda ka ce a kora, ita ta haife ni," na ce. "Maganar gona kuwa gaban mai gari za mu kai ta, da sunan mutum ɗaya. Bar wayar a gida, ka ɗauke ni. Ruga za mu fara zuwa."

Na gyara mayafina, na hau bayansa.