Ranar da na daki yayan mijina

Yayan mijina bai taɓa son aikina ba. Tun da aka kawo ni garin Fassi daga Rano yake cewa matar gidansu ba ta da abin yi a asibitin sha-ka-tafi tana taɓa mazan mutane. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano sai ya samu abin faɗa, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Washegarin babbar Sallah ya shigo tsakar gida da hantsi, ya zauna yana cin soyayyen naman layya, yana yi wa mijina faɗan siyasa da baki cike. Sai maganar ta yanke. Ya miƙe ya riƙe wuyansa, baki buɗe, ba tari ba murya.

Surukata, wato mahaifiyarsu, ta ce, "Ku ba shi ruwa."

Na ce, "Kada a ba shi, Hajiya. Nama ne ya toshe masa numfashi. Yaya, za ka iya tari?"

Ya girgiza kai. Leɓensa ya fara baƙi. Na sunkuyar da shi, na dake shi da tafin hannu sau biyar tsakanin kafaɗu. Babu abin da ya fito. Na zagaya bayansa, na dunƙule hannu a saman cibiyarsa, na fizgo ciki da sama. A fizga ta uku guntun nama mai jijiya ya faɗo ƙasa.

Da numfashi ya dawo masa, abin da ya fara cewa mijina shi ne, "Kana tsaye matarka ta rungume ni?"

Mijina ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi maganar yayansa ƙona min rai. Na ce ya kamata a kai yayan asibiti a duba cikinsa, shi kuwa ya ce ko kusa.

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa na yi wa yayan mijina duka. Surukata ta ce in je in ba shi haƙuri. Na ƙi.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, bai sake cin abincin da na dafa ba. Na yi masa addu'a ranar da ya rasu, amma har yau ban huce ba.