Ƙararrawar da Na Ɗaure da Tsumma

Maigidana, Allah ya jiƙansa, keke ɗaya ya hau duk zamanmu a Zugu. Da shi yake kai gyaɗarmu kasuwar Bukkuyum har ƙafafunsa suka gaza. Taya ta sha faci, sirdi ya sha ɗinki, bai taɓa zancen sakewa ba. In ya taso daga gona, tun daga bakin rijiya yake kaɗa ƙararrawa sau uku, ni kuwa in hau kwashe tuwo.

Bayan rasuwarsa kowa ya koma mashin, abin da ba ya shekara uku a hannun mutum. Ɗanmu ma ya saya. Ni kuwa in na ji ƙugin mashin daga daji tsoro ke kama ni, don a kansa 'yan bindiga ke shigo mana, kuma shi suke fara ƙwacewa, wani sa'in har da mai shi.

Na yi ta kuka har ɗan namu ya sayar da nasa, ya fito da keken ubansa.

"Inna, dariya za a yi mini," ya ce.

Na ce, "Su yi, in dai kana da rai."

Da hannuna na ɗaure ƙararrawar da tsumma, kada gargadar hanya ta sa ta tona shi. Har yau Allah na dawo mini da shi, amma shiru yake shigowa. Tun la'asar nake zama a tsakar gida, ina kasa kunne ga ƙararrawar da ni kaina na toshe wa baki.