Tofin Inna

A gidanmu ba a cewa tarin fuka. "Tarin gidanmu" ake cewa, kamar yadda ake maganar wushirya ko dogon wuya. Kakana na wajen uwa da shi ya rasu, haka ma kawuna. Idan Inna ta yi tari sai ta dafe ƙirji ta ce, "Na gado ne, ba ya kama bare."

Da na haifi 'yata ta fari, na koma gida Tudun Wada wankan jego, ana tsakiyar damina. Inna ta sauke ni a ɗakinta. Tagar guda ce, ta rufe ta, ta cusa tsumma a kafofin, ta rataya tsohon zani a kai, wai iska ba ta yi wa mai jego kyau. Ga garwashi a kasko, ga turaren wuta safe da yamma. Mu uku muke kwana a ciki.

Ban yi kwana uku ba na fara lura. Zanin Inna yana zagaye ta har ya yi saura. Awarwaronta yana sulluɓowa kusa da gwiwar hannu. Tuwo loma biyu take yi ta ture, ta ce ciwon sugarta ne. Da asuba matashinta a jiƙe yake da gumi, ko da an kwana ana ruwa.

Kullum in ta yi wa jaririyar wanka, sai ta ɗora ta a cinya, ta karanta addu'o'in tsari, ta sunkuya ta tofa mata a fuska sau uku. Haka ta yi mini ina ƙarama. Ni kuwa ina gefen gado ina cewa amin, ina jin tarin yana kaɗawa a ƙirjinta tsakanin aya da aya. Abin da aka koya mana a sakandare game da tarin fuka ya yi ta dawo mini, ina kore shi da istigfari. Wace 'ya ce za ta hana uwarta addu'a? Balle ni 'yar fari, da ko sunana Inna ba ta kira, magana ma sai a kaikaice.

Wata safiya ina gyara shimfiɗa na ga tsumma a ƙarƙashin matashinta, da ɗigon jini.

Ranar na kai yarinyar asibiti rigakafi. Na jira layi ya ragu, na faɗa wa nas ɗin komai da ƙaramar murya.

"Gado?" in ji ta. "Hajiya, ƙwayar cuta ce, a iska take tafiya. Gaskiya akwai gidan da jikinsu ya fi saurin karɓa, amma sai an shaƙa tukuna. Wa ya yi jinyar kakan naki?"

"Inna."

"Kawun fa?"

"Ita ce."

"To. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekaru, sai jiki ya yi rauni ta tashi. Ga suga, ga hayaƙi, ga ɗaki a toshe. Ki kawo ta gwajin kaki gobe, ki zo da yarinyar. Kada ki ce allurar nan ta gama miki komai."

A keke napep na dawo, ina kallon hancin 'yata yana motsi.

Na sami Inna a bakin ɗaki ta miƙo hannu, leɓɓanta har sun fara motsi. Na ja da baya. Ban taɓa yi mata haka ba.

"Inna, a yi mata addu'ar daga nan."

"Daga ina?"

"Sun ce yana kama bare. Sun ce mu ma kama mu yake yi, ɗaya bayan ɗaya."

Ba ta dube ni ba. Jaririyar ta duba. "Ke ƙawata, kin ji uwarki ta yi boko. Yau bakina ne ya zama abin gudu?"

Na tsaya da yarinyar a ƙirji. Na san idan ta sake miƙo hannu zan ba ta. Sai tarin ya taso mata, mai tsawo, har ta dafa bango. Ta rufe baki da gefen mayafi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Da ya lafa ta buɗe mayafin ta duba, ta daɗe tana dubawa.

Ta shiga ɗaki, na ji ta fizge zanin tagar, ta zare tsummokaran, ta tura tagar da ƙarfi saboda ta kumbura da ruwa. Ta fito da kaskon da hannu ɗaya, tabarmarta da ɗaya.

Gwaji ya nuna shi ne. Wata shida ta yi tana shan magani. Ni da yarinyar aka duba mu ba a ga komai ba, yarinyar dai aka ba ta maganin kariya. Kafin a ce Inna ta daina yaɗawa, a ɗakin da ke kusa da zaure ta zauna. Kullum da safe takan zo ƙofarmu, mayafi a baki, ta karanta addu'o'in har ƙarshe. In ta kai wurin tofi sai ta tsaya, ta ce wa yarinyar, "Faɗa wa uwarki ta ƙarasa."

Sai in sunkuya in tofa sau uku.